Tambaya da Amsa: wai waye ainihin sarkin darar ces na duniya?

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Na fara buga darar ces a waya kwanan nan, kowa sai cewa yake Magnus Carlsen ya fi kowa iyawa, to amma kuma na ji wai wani yaro ɗan Indiya ne zakaran duniya, ya abin yake ne dan Allah?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duka biyun gaskiya ka ji. Shi kambun duniya ba a bayar da shi dan maki ya fi na kowa, dole ka zauna gaban mai riƙe da shi ku kara wasa bayan wasa har na makonni, kamar dai kokawa, sai ka kayar da mai kambu kafin a ɗaura maka. Haka galibi ake tun 1886 da Wilhelm Steinitz ya doke Zukertort a Amurka, shi ake lissafawa zakara na farko. Emanuel Lasker ɗan Jamus ya karɓe a 1894 ya riƙe shekara 27 cur, har yau ba wanda ya kai shi daɗewa, sai da Capablanca na Kyuba ya ƙwace a 1921. A lokacin mai kambu shi ke zaɓar wanda zai kara da shi ya kuma gindaya kuɗin da za a zuba, gaskiya wannan ba adalci bane, sai da Alekhine ya mutu da kambun a hannunsa a 1946 sannan hukumar darar ces ta duniya, wato FIDE, ta karɓi ragamar tsara gasar, Botvinnik ya ci a 1948, daga nan 'yan Tarayyar Sobiyet suka kankane abin.

Wanda ya fasa musu shi ne Bobby Fischer ɗan Amurka, ya doke Boris Spassky a 1972 a birnin Reykjavik ana tsakiyar yaƙin cacar baka, duniya kaf ta zuba ido. Amma da aka zo 1975 ya ƙi fitowa saboda ba a biya masa duk sharuɗɗansa ba, aka miƙa wa Karpov ba tare da an motsa ko ɗa ɗaya ba. To kusan irin wannan ce ta faru da Carlsen ɗan Norway. Ya karɓi kambun hannun Anand a 2013, ya kare shi sau huɗu, sannan ya ce ba shi da sauran sha'awa ya ajiye. Ding Liren na Chaina ya ɗauka a 2023, sai Gukesh, wato yaron nan ɗan Indiya da ka ji labarinsa, ya doke Ding a Singafo a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18, ba a taɓa samun zakaran da kowa ya amince da shi mai ƙarancin shekarunsa ba. Ni dai a ganina yaron ya cancanta, ya bi duk matakan da aka shimfiɗa ya ci, amma na so ace da Carlsen ya kara, abin ya ɗan min ciwo wallahi.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: da gaske ne an taɓa yin wata biyar ana karawa ɗaya?

Da gaske ne 'yar'uwa. Karpov da Kasparov ne a Mosko, aka fara Satumbar 1984 bisa ƙa'idar duk wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara, canjaras ba ya cikin lissafi. Karpov ya kai 5 da nema, saura ɗaya tak, sai Kasparov ya turje, canjaras ya yi ta biyo canjaras har jimillarsu a duk karawar ta kai guda 40, shi Kasparov kuma ya ci wasa uku. Bayan wasa 48 shugaban FIDE ya tsayar da komai a Fabrairun 1985 ya ce 'yan wasan sun galabaita, har yau ana jayayya kan wa aka ceta a cikinsu. Da aka sake sabuwa a ƙarshen shekarar aka ƙayyade wasa 24, Kasparov ya ci yana da shekara 22, ya riƙe har 2000 da Kramnik ya doke shi a Landan.