Sifirin ɗin da ban auna ba

Ka tambaye ni, yarona, ko danna goshin motar MGB ɗin nan da hannu ya isa a gane taurin sifirin ɗinta na gaba, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke nauyin mota, kafin a canza shi. Bai isa ba, kuma tambayarka ta taso mini da asarar da har yau take ci mini rai.

Shekarun baya wani Alhaji ya kawo mini irinta mai bamba ta roba, wadda tun daga ƙarshen 1974 masu ƙera ta a Ingila suka ɗaga ta wajen inci ɗaya saboda dokar Amurka. Yana so a sauke ta, ta daina rinjaya a kwana. Ya zo da sifirin biyu a kwali, baƙin fenti yana sheƙi, ya rantse mini sababbi ne daga waje, ni kuwa na ji nauyin Alhajin na ɗaura ban auna ba. Ashe tsofaffi ne, mai walda ya gasa su da wutar gas don su gajarce, aka rufe taɓon da fenti. Kafin wata guda ɓangaren direba ya zauna, taya ta cinye ta gefe ɗaya. Mutumin nan ya ci mutuncina a gaban yarana, ya hana ni kuɗin aikina, kuma daga aljihuna na sayi taya da sifirin don kare sunan garejina.

Yadda ake ciro sifirin ba zan ɓata bakina a kai ba. Ɗora shi a kan sikeli ƙarƙashin injin matsi, ka matsa inci ɗaya don naɗin ƙarshe ya zauna, ka rubuta nauyin, sannan ka ƙara inci ɗaya ka sake rubutawa. Bambancin shi ne taurinsa. Ka auna na dama da na hagu duka. Kaurin ƙarfen ma sai ka auna, domin ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana ƙara tauri wajen kashi 46.

Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri, sai ku ga abu a waya ku yanke naɗi biyu, ba ku san rage naɗi yana ƙara tauri ba. Shokozobar motar nan, wato abin da ke kwantar da tsallen sifirin, irin mai hannun ƙarfe ce, mai ake ɗura mata, kuma idan ta gaji sifirin mai tauri sai ya sa motar tsalle. Duba man shokozobar kafin ka kawo mini sikelin.