Babban inji kake so mu ɗaura wa jirgin?

Jiya da muna share wurin aiki ka tambaye ni: tun da dai gudu ake nema, me zai hana mu ajiye injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180, mu ɗaura O-540 mai 260 a kan wannan ƙaramin jirgin sama, RV-7, da muke haɗawa? Ban ba ka amsa a tsaye ba, don maganar ta fi ƙarfin haka. Zauna, ɗana, ka ji.

Iska ba ta sayar da gudu da araha. In ka ninka gudun jirgi, turjiyar iska sau 4 take ƙaruwa, ƙarfin da ake buƙata daga inji kuwa sau 8. Daga doki 180 zuwa 260 ka ƙara ƙarfi da kashi 44 cikin ɗari, amma gudun da za ka samu bai wuce ƙarin kashi 13 ba. Jirgin da ke yin mil 200 a awa zai koma wajen 226. Mai kuwa zai sha gwargwadon ƙarfin da ka ƙara, kuma tankunan da ke cikin fiffike ba su ƙara girma ba.

Sai nauyi. O-360 silinda 4 ne, O-540 silinda 6, ya fi shi da sama da kilo 40, duk kuma a can kan hanci. Jirgi kamar sikeli yake, yana da inda nauyinsa ya daidaita a kan fiffike. Hanci ya rinjaya, to wajen sauka za ka ja sandar tuƙi har ciki, jela ta kasa ɗaga shi yadda ya kamata. Ka ce a sa dalma a baya a gyara, ka ƙara nauyi a kan nauyi. Ƙashin fiffiken nan an ƙera shi ya ɗauki ninki 6 na nauyin jirgi lokacin wulƙitawa a sama, amma fa a kan nauyin da mai zane ya ƙayyade.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karkarwar fiffike da jela. Akwai gudun da in aka kai, iska da lanƙwasar ƙarfe sukan shiga zuga juna, faifan jela, wato ɓangarenta mai motsi, ya kama kaɗawa, kafin ka janye maƙurar mai ya tsinke. Jan layin RV-7, wato iyakar gudun da ba a so a wuce, mil 230 ne a awa, kuma ainihin gudun jirgi cikin iska ake nufi. Agogon gudu da ke gaban matuƙi matsin iska yake aunawa, iskar sama kuwa ba ta da kauri. A tsayin ƙafa 10,000 a sama, agogo na nuna 200, kai kana yin kusan 233. Ka tsallake iyaka alhali allura tana nuna maka lafiya lau. Ƙaramin inji da wuya ya kai ka nan a tafiyar miƙe, babba kuwa sai ya kai ka ba ka sani ba.

Shi ya sa ranar nan na sa ka kankare fentin da ka lafta a gefen baya na faifan jela. Na ga ranka ya ɓaci. Fenti kaɗan a can nesa da hinji yana ɓata daidaiton da dalmar da ke gaban faifan take riƙewa, kuma daidaiton nan ne ke hana karkarwa farawa.

Shi kansa Richard VanGrunsven da ya zana jirgin nan ya bi ta hanyar da kake tunani. A farkon shekarun 1960 ya sayi wani ɗan jirgi, Stits Playboy, ya sa masa inji mai doki 125. Ƙarfi ya samu, amma jirgin bai yi masa yadda yake so ba. Sai da ya cire fikafikan masu tokare, ya ƙera sababbi na alminiyom da ke tsaye da kansu, sannan ya zama RV-1. Daga nan RV-3 ya fito, ya kai shi taron baje kolin jiragen sama na Oshkosh a Amurka a 1972. Su Lance Neibauer da ya ƙera jiragen Lancair da Tom Hamilton da ya ƙera na Glasair kuwa da zaren gilashi da gam suka nemi gudu, jiki sumul kamar kwalba.

Namu gudun yana nan cikin aikin hannu. Murfin tayoyi da na ƙafafu kaɗai sukan ba RV sama da mil 10 a awa in sun zauna daidai da iska. Katangar da ke cikin murfin inji ta toshe sosai, iskar sanyaya ta bi ta jikin silinda kawai, ba ta tsiyaya ta gefe. Kan ƙusar ribit ya kwanta daf da fata, ka shafa ba ka ji shi ba.

In an gama, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, takan sa a yi awa 25 ko 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin a ɗauki fasinja. Ina so mu shiga awannin nan da jirgin da na san lissafinsa. Gobe ka zo da wuri, ka ɗauko zare da ma'aunin ruwa, mu daidaita murfin ƙafar hagu, na ga ya ɗan karkace waje.