Tambayoyinku kan Fasaha: Caja tana ƙofar gida, yaya zan hana a sha mini wuta?

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa. Na sayo mota mai aiki da batir, gidanmu kuma ba gareji, sai aka kafa mini caja a jikin katanga ta waje. Tun daga lokacin kuɗin mita ba ya jimawa, ina zargin ana jonawa idan ba na nan. Me zan yi?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. Kafin zargi ya kai ga maƙwabta, a duba motar tukuna. Batirin irin waɗannan motoci yakan ɗauki yunit 40 zuwa 60, wasu ma fiye. Cajar bango mai ƙarfin kilowat 7.4 tana shan yunit bakwai da ɗoriya a awa guda. Idan muka ƙaddara yunit a kan sefa 100, cajin awa huɗu ya kusa sefa 3,000. Mutumin da ya saba da fanka da firji da ƙwan fitila dole ya ga kamar ana yi masa sata. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura ƙaramar mita a kan layin cajar kaɗai, ka rubuta lambar da ta nuna lokacin fita da lokacin dawowa. Ita za ta raba gardama.

Sai kuma a san abin da ke jikin katangar. Idan cajar bango ce ta ainihi, mai bakin da ake kira Type 2 ko irin na motocin Sin, ba ta sakin wuta sai ta gane cewa mota ce aka jona, domin akwai siririyar waya a cikin kebul ɗin da caja da mota ke gaisawa ta kanta. Yaro ba zai iya cajin waya a jikinta ba, kuma motocin lantarki ba su yi yawa a garinmu ba balle a ce suna layi a ƙofarka, ko da yake ana sayar da wasu mahaɗai da ke yaudarar cajar ta saki wuta. Amma idan soket ne kawai irin na ɗaki aka fitar waje kana jona cajar hannu, to wannan kowa na iya amfani da shi: mai babur ɗin lantarki, mai guga, har mai walda. A nan ne akasarin ɓarnar take.

Maganin da na fi yarda da shi, ko wace iri ce, shi ne a yanke wutar daga cikin gida. Dole ne layin caja ya zama yana da bireka tasa shi kaɗai a akwatin wutar gida, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa. Sai dai kada ka mayar da bireka makunnin yau da gobe, ba don haka aka yi ta ba. A sa maka makunni mai juyawa na ampiya 40 a cikin zaure ko bayan ƙofa, irin mai ramin saƙala kwaɗo. Idan za ka kashe, ka fara tsayar da cajin daga motar, sannan ka juya. Wutar da ba ta iso katanga ba, babu dabarar da za ta sa a sha ta, kuma wannan ba ya buƙatar intanet ko manhaja.

Malam barka da aiki. Daga Marwa nake. Cajarmu tana da manhaja, amma wanda ya kafa ta a wayarsa ya saita komai. Kulle ta manhaja ya isa, ko in nemi mai kati?

Hajiya, gyara na farko ba ya cin ko sisi: cajar ta dawo ƙarƙashin sunanki. Wanda ya yi rajistar caja a asusunsa shi ne mai ita a wajen manhajar, yana iya buɗewa, ya kulle, ya ƙara wa wani izini, ke kina ɗaki ba ki sani ba. Ba cewa nake zai ci amana ba, amma waya tana ɓata, mutum yana barin gari. Ki kira shi ya cire ta daga asusunsa, ki buɗe naki da adireshin imel ɗinki, ki canza kalmar sirrin da cajar ta zo da ita daga kamfani.

Hanyoyin kullewa sun bambanta daga caja zuwa caja. Wallbox Pulsar Plus ana kulle ta da manhaja, kuma tana jin Bluetooth, wato ko babu intanet za ki buɗe idan kina tsaye kusa da ita. Zappi tana da lambar sirri da ake dannawa a jikinta. Tesla Wall Connector ta ƙarni na uku ana iya saita ta ta ba motocin Tesla da aka zaɓa kaɗai. Akwai kuma masu katin RFID, sai an kara kati kafin wuta ta fito. A wajenmu na fi son mai kati ko mai Bluetooth a kan wadda sai ta tambayi intanet. Dalili kuwa, arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da wutar madatsar Lagdo, kuma duk da tashoshin sola na Marwa da Gidar, kowa ya san ana ɗauke wuta, sabis ɗin waya ma yana yin ƙasa.

Don haka ki yi wannan gwaji da kanki. Ki kulle cajar, ki kashe bireka, ki jira minti biyu, ki mayar, sannan ki jona mota ba tare da kin taɓa waya ba. Idan ta fara caji, cajarki tana mantawa da kulle duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ki nemi saitin kulle-da-kai a manhajar. Ki maimaita gwajin a kashe da Wi-Fi. Idan kati ya ɓata, a goge shi daga jerin katunan a ranar.

Zan iya sa filogin nan da ake kashewa da waya a soket ɗin da nake cajin babur a waje?

Ga ƙaramar cajar babur, ka duba ampiyar da aka rubuta a jikinta da ta filogin, ka bar tazara mai yawa. Ga mota kuwa, a'a. Cajar hannu tana jan ampiya 10 ko fiye na tsawon awanni ba hutu, ƙananan filogin nan suna zafi har su narke. Kuma wanda ya zo sata zai zare filogin ne kawai ya jona nasa. Ka sayi soket ɗin waje mai murfi da makulli.

Ina Injamena. Maƙeri ya ce zai yi mini akwatin ƙarfe in rufe cajar gaba ɗaya. Ya dace?

Ya dace ɗan'uwa, kuma dalilin da ya fi ƙarfi ba wutar ba ce, kebul ɗin ne. Tagulla ce a ciki, tana da kasuwa, mai yanka ba ruwansa da kati ko manhaja. Da tun farko ne da na ce ka zaɓi caja mai soket a jiki, wadda kebul ɗinta ke zama a bayan mota.

Amma ka tsaya a kan maƙerin yana aikin. A watan Afrilu zafin Injamena yana wuce digiri 40 a inuwa, rufaffen akwatin ƙarfe da rana ke duka kuwa tanda ne. Caja idan ta ji zafi tana rage gudu ko ta tsaya. A yi masa huji sama da ƙasa tare da raga, a shafa farin fenti, a ɗora rumfa, a bar 'yar hanya a ƙasa da kebul zai fita a rufe ƙofa ana caji. Ka kuma sani ƙarfe yana tare Wi-Fi da Bluetooth, ragar ƙarfe ma tana iya rage su. Akwatin kansa a haɗa shi da wayar ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, kuma layin ya kasance da na'urar yanke wuta idan ta zuba, mai miliampiya 30, irin wadda takardar cajar ta ambata. Yara suna wasa a ƙofar gida, da damina kuma ƙasa a jiƙe take, wannan ba wurin rage kuɗi ba ne. Ka riƙa danna maɓallin gwaji da ke jikin na'urar lokaci zuwa lokaci. Idan ba ta faɗi ba, kada a sake caji sai an canza ta.