Jakar iska da bel: amsoshi ga masu shirin sayen mota mai lantarki

Tambaya: Motar lantarkin da nake shirin saya tana da jakar iska har bakwai, kuma tana taka birki da kanta idan ta hango cikas. Shin har yanzu wajibi ne in riƙa ɗaura bel, ko da tafiyar ba ta da nisa?

Amsa: Wajibi ne, Malam, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera na'urorin da ka ambata. An tsara jakar iska ne bisa zaton cewa bel yana riƙe da kai a kujera. Tana buɗewa da ƙarfin gaske, kafin ƙiftawar ido, kuma idan jikinka ya riga ya zame gaba sai ta tare ka tun ba ta gama cika ba, ta yi maka rauni maimakon ta cece ka. Birki mai taka kansa kuwa ba shi da ta cewa idan wani ne ya buge ka ta gefe.

Kada kusancin tafiya ya ruɗe ka. Karo da bango a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma babu hannun da zai iya dafe sitiyari ya tare wannan. Gaskiya ne batirin da ke shimfiɗe a ƙasan motar yana sa ta yi wuyar kifewa, amma nauyinsa ba ya riƙe fasinja. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, yanzu yana da na'urar da ke tsuke shi nan take idan an yi karo, sannan ta ɗan sassauta don kada haƙarƙari ya karye. Sai dai a ɗaura shi daidai: na ƙasa a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba, na sama a tsakiyar kafaɗa, ba a ƙarƙashin hammata ba. Masu zagaya shi ta bayan kujera su maƙala don ƙararrawa ta yi shiru, kansu kawai suke cuta.

Tambaya: Ina tsoron batir ya kama da wuta bel ya hana ni fita.

Amsa: Hajiya, wanda bai suma ba shi ne ke iya fita, kuma bel ne ke hana kanki bugun gilashi, kwance shi danna maɓalli ɗaya ne. Wutar batir tana da wuyar kashewa, tana ma iya sake tashi bayan an kashe ta, shi ya sa ake sa na'urar da ke yanke lantarkinsa idan an yi mummunan karo. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofa. A wasu motocin, lantarki ne ke buɗe ta, don haka kafin ki biya kuɗi, ki sa dillali ya nuna miki mabuɗin hannu na gaggawa, har da na ƙofofin baya, ki gwada da kanki. Wayoyi masu launin ruwan goro kuwa na babban lantarki ne, ba a taɓa su.

Tambaya: Me zan duba idan motar ta hannu ce?

Amsa: Nemi taurarin da Euro NCAP, ƙungiyar Turai mai gwada yadda motoci ke kare mutane a karo, ta ba ta a matsayin maki, tare da shekarar gwajin, domin ƙa'idojin suna ƙara tsauri tun da aka fara a 1997. Fizgi kowane bel da ƙarfi, ya kamata ya cije. Fitilar jakar iska ta kama idan an kunna mota, sannan ta mutu. A ɗaga motar a duba murfin batirin ko ya lotsa.