Gurup ko fanno? Muryar Kawu a zauren dangi

(Na rubuto muryar da Kawu ya turo jiya da dare saboda waɗanda ba su da mega na saukewa. Inna Hajiya ce ta yi tambaya, shi kuma ya amsa. Yadda ya faɗa haka na rubuta.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare, ina gajiya, ya iyali. Yaya Hajiya ina wuni, ki yi haƙuri na ga muryarki tun la'asar amma ina saman rufin wani gida a Karkada, hannu duk ƙura, sai yanzu na samu zama. Na ji kin ce kin kwashi adashi, kuma kina son sanin me za ki saya saboda konjilater ɗinki, wato firiza, na ƙanƙara da lamurje tunda bazara na tafe, gurup, wato injin ba da wuta, ko fanno mai ba da wuta daga hasken rana. Sannan na ji ɗana ya shigo ya ce shi dai a sayi gurup kawai, wai zancen hasken rana da kare muhalli duk na Turawa ne, talaka abin da ya fi araha yake bi. Toh zan amsa muku ku biyu a murya ɗaya, za ta ɗan yi tsawo, ku yi min haƙuri.

Yaya, gurup kamar doki ne, sayensa ba wuya, ciyar da shi ne aiki. Ran da kika saya za ki ga kin rage canji a hannu ki ji daɗi, amma daga ranar kullum sai kin aika yaro da bido neman esans, ga bidanj, wato canjin man inji, ga buji, ga karbirato da ƙurar garin nan take toshewa, ga ƙara har maƙwabta su fara gaishe ki sama-sama. Ribar ƙanƙara nawa take da za a raba ta da mai esans kowace rana? Kuma hayaƙinsa kisa yake, wallahi ko wa ke da gurup a zauren nan kar ya kuskura ya tada shi cikin ɗaki ko zaure a rufe don tsoron ɓarawo, mutane na kwanciya su ƙi tashi.

Fanno kuma ran saye ne ciwon. Wannan ba zan ɓoye miki ba, kuɗin adashin zai iya tafiya duka, ƙila ma sai an ɗan cika. Amma fanno mai kyau yana kai shekara 20 har fiye yana aiki, kuma rana ba ta kawo faktir ƙarshen wata. Inda mutane ke faɗuwa wajen batir ne, shi ne mai tsada kuma shi ne mai saurin mutuwa. Shi ya sa ke shawarar da zan ba ki daban take da ta mai son kallon tele da dare. Ke sana'arki sanyi ce, toh ki bar konjilater ya yi aikinsa da rana, daga hantsi har la'asar sakaliya lokacin da rana take ba da wuta a banza, ki cika shi da ruwa ya daskare, da magariba ki rage buɗe shi. Ƙanƙarar nan da ta daskare ita ce batir ɗinki, kin gane, ita za ta riƙe sanyin har safe. In aka yi haka sai a ƙara yawan fanno a rage yawan batir, kuɗin ya sauko sosai. Na yi wa mata da dama haka a Sabon Gari da Garin Malam kuma suna nan suna sayar da kayansu.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma don Allah a saurara don su ne ke sa mutum ya ce sola ƙarya ce. Fanno a nan Damagaram kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe, ba a shimfiɗe shi kamar tabarma ba, kuma inuwa ko ta reshen dogon yaro guda in ta faɗa kansa tana rage wutar fiye da yadda kike zato. Ga ƙura. Lokacin hunturu in hazo ya sauka kwana uku kawai za ki ga gilashin ya yi fari fat, mai gida ya kira ni ya ce kaya sun lalace, in hau in goge da tsumma da ruwa kofi biyu wuta ta dawo. A sa yaro ya riƙa gogewa da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Batir kuma ba ya son zafi, kar a kai shi ɗakin kwano da ba iska, kuma irin na darma in ana shanye shi ƙasa da rabi kullum ba zai yi ƙarko ba. Na litiyom ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, in hali ya yi shi nake so miki. Sannan motar konjilater lokacin da za ta tashi tana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinta, saboda haka ondilar, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, in ƙarami ne ba zai ɗauka ba, zai yi ta kuka yana yankewa. Kuma kar ki aiki kowa kasuwa ya sayo miki don ya ga an rubuta lamba babba a bayan fanno, akwai na jabu da yawa, rubutu daban abin da yake bayarwa daban. Ni da na'urar awo nake zuwa.

Abu ɗaya da ke damuna har raina, tsohon batir. Ina shiga gidaje in tarar an fasa shi an zubar da ruwan a tsakar gida, yara na wasa da darmar ciki, wasu ma narka ta suke. Darma guba ce Yaya. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can ta wajen haƙar zinari ta fito amma dafin ɗaya ne, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba a sani ba. Duk wanda batir ɗinsa ya mutu ya ajiye shi a rufe inda yara ba sa kaiwa, ya maida wa masu saye ba tare da an fasa ba.

Yawwa, yanzu ɗana, zo mu yi maganarka. Ka ce talaka araha yake bi, wannan gaskiya ka faɗa kuma ban ƙi ba. Inda ban yarda da kai ba shi ne da ka ce abin na Turawa ne. Jami'ar Yamai sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni Dioffo, ɗan ƙasar nan, malamin kimiyya, tun shekarun 1960 yake bincike kan hasken rana, yana ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗumama ruwa da rana, lokacin ko uwarka ba a haifa ba. Kuma ka tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar daga can yake zuwa, mu nan da Maradi layinmu daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Ka ga yadda garin nan ya koma, tela ya zauna, mai walda ya zauna, mai niƙa ya ƙara kuɗi, masu ƙanƙara irin Yaya suka yi ta asara. Wanda ke da fanno a rufinsa shi ne unguwa ta koma cajin waya a gidansa. Ranar ban ji wanda ya ce kayan Turawa ne ba.

An yi tashar rana ta megawat 7 a Malbaza a 2018, an yi ta megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023, alhamdu lillahi, amma ƙasa mai rana irin tamu wannan ɗanɗano ne. Ni abin da nake roƙon hukuma ba mai yawa ba ne. A yi mana babbar tasha a nan gabas. A sa ido kan kayan jabu tun daga bakin iyaka, don fanno ɗaya na ƙarya yana kashe zuciyar unguwa guda. A koya wa samari aikin da kyau a ba su takarda, ba kowa ya ɗauki filaya ya ce shi teknisiyan ne ba. Sannan babba, a samar da hanyar biya kaɗan-kaɗan, don mace irin Yaya ba wai ba ta san amfanin abin ba ne, kuɗin farko ne dutsen da ke gabanta.

Haka ma zancen gas. Matatar SORAZ tana nan hanyar Tanout tun 2011, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace, kuma tana fidda gas na girki. Amma ka tsaya bakin hanya da safe ka ƙirga amalanke da motocin itace da ke shigowa gari, kowace shekara daga nesa ake ɗebo shi fiye da bara. Matar da ke sayen itacen dala ashirin kullum in ka tara mata na wata za ka ga ba ta tsira da komai ba, ga hayaƙi a ido da ƙirji, amma ba ta da kuɗin butalin gas da kan murhu a dunƙule. Matsala ɗaya ce da ta fanno. Ina ganin ko mu a dangi za mu iya yin adashin butali, duk wata a saya wa gida ɗaya mai kilo 6, wanda bai samu ba tukuna ya yi murhun laka mai rufi, yana rage cin itace sosai.

Kuma ɗana in kana son ka ga kare muhalli na gaske wanda ba a zo da shi cikin mota ba, hau hanyar Magarya ko Matamai ka kalli gonaki. Gawo ne ko'ina. Mu da muka ga yunwar 1984 muna yara mun san lokacin da gonakin nan suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi sai an yi shuka sau biyu sau uku. Manoma da kansu suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi mai ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya tashi, shi ne ake ce wa sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 aka farfaɗo da su haka tsakanin Maradi da Damagaram, itace wajen miliyan 200, ana zuwa daga ƙasashen duniya ana kallo. Me ya sa manomi ya yarda? Saboda gawo yana zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, hatsin gindinsa ya fi na fili kyau, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, mata su samu reshen girki kusa da gida. Ya ga amfani a rumbunsa, kuma ya tabbata itacen nasa ne ba za a zo a ci shi tara a kai ba. Tun kafin wannan ma, muna ji a tarihi Sarki Tanimun ya hana saran gawo a ƙasar Damagaram da hukunci mai tsanani. Toh ina Bature a nan? Duk 3 ga Agusta muna dasa itace a yi hoto, ni na fi son a koma a watan Afrilu a ga guda nawa aka ba ruwa, don garin da sai an sayi ruwa wajen 'yan garuwa, dasa itace ba tare da an san wa zai shayar da shi ba wahalar banza ce. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya isa ya raya dogon yaro ɗaya a ƙofar gida.

Leda kuma ba sai na daɗe ba, kowa na gani. Akwai dokar hana ta tun 2014 amma je kasuwar Dole ka sayi tumatir na dala goma a ba ka leda biyu. Mahauta na ciro ta dunƙule a tumbin awaki, ita ke toshe kanibo ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje. Daminar 2024 kun ga ruwan da aka yi, har tsohon masallacin Birni na ƙasa ya faɗi, ni ranar kuka na yi wallahi. Ruwa in ya zo da yawa ba mai tare shi, amma hanyarsa dai mu ne muke toshewa. Yaya ke ma lamurjenki a leda kike ƙullawa, na san ita ce mai araha, amma ki gwada gorunan roba da ake dawo miki da su ko ga masu saye na kullum, ki ajiye buhu a ƙofa yara su riƙa jefa ledar ciki.

Toh Yaya Hajiya, ni fanno na zaɓa miki, in kuɗin bai kai ba mu fara da rabi a ƙara daga baya, kar ki ci bashi a kai. Ki sa a ɗauko min hoton takardar da ke manne bayan konjilater ɗin a turo min yau ko gobe in yi lissafi, kuma ki faɗa min ko akwai fanka da ampul nawa kike so a haɗa. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan biyo in hau rufin in ga inda inuwar itacen maƙwabta take faɗawa. Ɗana kai ma ka zo ka riƙe min tsani, ka ga yadda ake awon. A gaida yara, sai da safe.