Tambaya da Amsa: Kifi a Ƙasa, Lambu a Sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana haɗa kiwon kifi da shuka ganye a ruwa ɗaya, ba ƙasa ba taki, wai shi akwafonik. Ina da tankin roba mai cin lita 1,000, irin mai kejin ƙarfe, da ɗan fili a tsakar gida. Ta ina zan fara?
Wani magidanci, Mai Wurno, jihar Sinnar

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sa zarto a tankin nan, bincika abin da aka taɓa zubawa a ciki. In man girki ne ko wani kayan abinci, wanke shi ka yi aiki da shi. In maganin ƙwari ne ko sinadarin masana'anta, haƙura da shi, wanki ba ya fitar da gubar daga jikin roba.

Auna santimita 30 daga sama ka yanka, har da kejin. Ɓangaren ƙasa, mai cin lita 650 zuwa 700, shi ne gidan kifi. Na saman kuma ka juya shi ya zama kwamin shuka, ka ɗora shi bisa ƙarfe mai ƙwari ko ginin bulo, domin in ya cika da tsakuwa da ruwa nauyinsa ya kusa rabin tan. Ka ja shi baya kaɗan don ka samu wurin ba kifi abinci da leƙa su.

Tsakuwar ta zama mai girman santimita 1 zuwa 2, a wanke ta har ruwan ya fita garau. Amma tun a wurin mai sayarwa, ɗebi kaɗan a kofi ka zuba mata ruwan khal. In ka ga tana kumfa, dutsen farar ƙasa ce, bar ta. Irin wannan tsakuwar kullum ɗaga pH na ruwa take yi, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ka yi ta fama ba ka san daga ina matsalar take ba.

A tsakiyar kwamin ka huda, ka kafa bututu a tsaye mai tsawon santimita 25, ta nan ruwa zai riƙa komawa wurin kifi. Wato saman tsakuwa na santimita 5 zai zauna a bushe, ba gansakuka, ba ruɓewar gindin shuka. Yi wa bututun ƙaramar huda ta milimita 6 a gindi, ka kuma kewaye shi da wani bututu mai faɗi da aka tsattsaga, don tsakuwa da saiwa kada su toshe shi. Amfanin ƙaramar hudar shi ne, in famfo ya tsaya, kwamin zai tsiyaye a hankali, saiwa ba za ta kwana a ruwa marar motsi ba. Saboda haka kada ka cika tankin kifi maƙil, bar wurin lita 120 da za su gangaro.

Famfo mai nutsewa a ruwa ya iya juya ruwan tankin gaba ɗaya sau ɗaya a awa. Sayi wanda aka rubuta lita 2,000 a awa, don ƙarfinsa raguwa yake in yana tura ruwa sama. Sai ƙaramin injin iska da dutsensa mai fitar da kumfa.

Yanzu ga inda mafi yawan masu farawa suke asara. Sukan gama haɗa kaya da safe, da yamma su zuba kifi hamsin, kafin mako biyu su kwashe gawa. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashi da kashi, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa su ne ke mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, abincin shuka. A sabon tanki babu waɗannan ƙwayoyin da yawa, sai sun hayayyafa, abin da ke ɗaukar mako uku zuwa shida. Don haka ka kunna famfo ba kifi, kullum ka jefa ɗan abincin kifi kamar cokali guda ya ruɓe a ciki. In kana da wanda tankinsa ya daɗe yana aiki lafiya, roƙi tsakuwarsa cikin bokiti ka haɗa da taka, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Da kayan gwajin ruwa, irin na masu sayar da kifin ado, za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya shi ma ya sauka. In duka biyun suka yi ƙasa da miligiram 1 a lita, naitiret kuma ya bayyana, lokacin kifi ya yi. In kayan gwaji ba su samu ba, cika mako shida cur, sannan ka fara da kifi huɗu ko biyar, ka ƙara bayan mako biyu.

Tambaya: Kifi nawa tankin zai ɗauka, kuma wane iri? Yarana sun ce a kamo daga kogi.
Wata uwargida, Wad Madani

Amsa: Hajiya, girman lambun ne yake yanke yawan kifi. Ma'aunin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayar a 2014 shi ne giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye, giram 50 zuwa 80 in masu 'ya'ya ne kamar tumatir. Kwamin da aka yanka daga tanki bai fi murabba'in mita 1.2 ba, wato abincin giram 60 ke nan. Babban kifi yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana. Lissafin ya tsaya a kifi 6 zuwa 12 da za su kai rabin kilo kowanne. In kina son ashirin, ƙara kwami da gangar roba mai lita 200 da aka tsaga biyu.

Karfasa, wadda ake kira bulɗi a kasuwa, ita muka fi so ga mai farawa. Tana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, tana kai rabin kilo cikin wata shida zuwa takwas in abincin yana da furotin kusan kashi 30. Nemi maza zalla daga masu ƙyanƙyasa. In aka gauraya da mata, za su cika tankin da 'ya'ya, kowa ya tsumbure. Na kogi kuwa sukan zo da cuta, ga shi ba su saba da abincin buhu ba. Abin da ba su cinye ba cikin minti 30 a kwashe shi. A daren Disamba da Janairu in ruwa ya yi ƙasa da digiri 20 cinsu raguwa yake, sai a rage abincin, a rufe tankin da dare.

Tambaya: Wuta ba ta zama a wurinmu, wani lokaci kwana guda babu. Abin zai yiwu kuwa?
Wani ɗalibi, Gadarif

Amsa: Zai yiwu, ɗan'uwa, amma ka fara tanadin iska kafin komai. Shuka za ta jure awanni ba famfo, tsakuwa tana riƙe danshi. Karfasa a ruwan bazara mai zafi kuwa cikin 'yan awanni za ka gan ta a sama tana haki, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. Injin iska mai bolt 12 wutar da yake ci kaɗan ce, haɗa shi da batir da farantin sola ya yi aiki dare da rana. Famfon ruwa in ya yi aiki da rana kaɗai ma ba laifi. Duk ranar da famfo ya tsaya, kada ka ba da abinci. Kifi yana kwanaki ba ci lafiya lau, abincin kuwa ƙara amoniya yake, ya kuma cinye iskar. In ba ka da halin batir, koma wa tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska daga sama. Ka dai rufe tankin da raga, tana tsalle.

Tambaya: Ruwan famfo ko na kogi? Kuma sabon ganyen lalona ya koma rawaya, jijiyoyin ne kawai kore.
Wani manomi, Sinja

Amsa: Na famfo a bar shi a buɗaɗɗiyar ganga kwana biyu kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita, don yana kashe bakteriyar da aka sha wahalar renonta. Na kogin Nilu a damina laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Na magudanan gona kuwa a tace da ƙyalle, a ajiye shi kwana uku saboda dodon koɗi da ƙwayar tsargiya. Ruwan rijiya in ka ji gishiri a bakinka, kauce masa: kullum kashi 1 zuwa 3 na ruwan tanki yana tafiya a iska, gishirin kuma yana nan yana taruwa.

Rawayar da ka bayyana, Malam, ƙarancin sinadarin ƙarfe ce. Sau da yawa ƙarfen yana cikin ruwan, pH ne ya haura 7.5 shuka ta kasa ɗauka. Ana son pH tsakanin 6 da 7. Nemi takin ƙarfe mai suna EDDHA a shagon kayan gona, shi ne yake aiki ko pH ya yi sama, a sa yadda ƙarfen zai kai miligiram 2 a lita, duk bayan mako uku ko huɗu. Zai rina ruwan ja, ba ya cutar da kifi. Kada ka yi gaggawar sauke pH da asid a cikin tankin kifi, sauyin farat ɗaya ya fi pH mai tsayi illa. Aikin bakteriya da kansa yana sauke shi a hankali.

Tambaya: Me zan fara shukawa, kuma in ƙwari suka zo fa?
Wata malamar makaranta, Kasala

Amsa: Malama, a wata uku na farko taki bai taru ba, sai ganye: jirjir da latas a lokacin sanyi, lalo da alayyafo da na'ana'a a lokacin zafi. Kuɓewa da tumatir su jira kifi ya girma. Daga Afrilu a kafa ragar inuwa mai tare rabin rana, a kuma lulluɓe jikin tankin da buhu don haske kada ya haifar da gansakuka. Maganin feshi ko kaɗan kada ya kusanci wurin, har da ruwan darbejiya, domin abin da ya ɗiga a tsakuwa wurin kifi zai ƙare. Farin ƙuda da darɓa a wanke su da ruwa ta ƙarƙashin ganye da sassafe, a rataya takarda rawaya mai danƙo, ganyen da ya kamu sosai a tsinke a kai shi nesa. Bayan kowace guguwar ƙura a ciro famfo a wanke matatarsa.