Amsa ga ɗan'uwa na Kano kan zamanmu na kambo a Gadarif

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka kalli yadda masu bincike suke zama can ƙarshen duniya ta kudu, Antaktika, wata da watanni ba shiga ba fita, shi ne kake son jin mu Hausawan Sudan in aiki ya kai mu inda ba gari ba dangi yaya muke yi, da sauran zaman nan irin na gida ko mun sake shi. Toh bismillah.

Su waɗancan nasu ya kai maƙura kam. Tashar Amurka da ke tsakiyar wurin, Amundsen-Scott, tun 1956 aka fara gina ta, rana in ta faɗi a watan Maris ba za a sake ganinta ba sai Satumba, jirgi kuma yana daina sauka tun tsakiyar Fabrairu sai wajen ƙarshen Oktoba, mutum 40 da 'yan kai ne suke cinye wannan dogon daren tare. Ruwa sai an narka ƙanƙara, shi ya sa wanka minti 2 ne sau 2 a sati. Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai a labarinsu shi ne shara da wanke kwanuka da wanke banɗaki juyawa ake, masani da makanike kowa da ranarsa. Nan ne na ce lallai mun haɗu da su.

Mu laka ce take rufe mu. Ƙasar Gadarif, nan gabashin Sudan, baƙa ce mai danƙo, da rani ta tsattsage, da ruwa ya sauka daga Yuni zuwa Oktoba kuwa mota ba ta isa ba, sai tarakta, ita ma wani lokaci a bar ta a hanya a tako da ƙafa. Gonakin dawa da riɗi na nan manya ne, tun shekarun 1940 aka fara noman inji a yankin, gona ɗaya sai ta kai fadan 1,000, wato eka 1,000 da ɗan ɗoriya, kana tsaye a wannan gefen ba ka hango wancan. A tsakiyarta ake kafa 'yan bukkoki da rumfa, shi ne kambo, nan ma'aikata za su zauna har a gama cire ciyawa ko yankan riɗi. Akwai mutanen yammacin Sudan, akwai Habashawa masu tsallakowa duk shekara, akwai mu. Yawancin namu suna da 'yar gonarsu ko lambu a bakin kogi, wasu masunta ne, kambo ana zuwa ne neman kuɗin da za a toshe wata kafa, aure ko jinya ko bashi.

Abu na farko da muke yi in mun sauka, tun ba a kwance kaya ba, a nuna babba. Ba sai mai ƙarfi ba, wanda dai in ya ce a bari za a bari. Shi zai riƙe lissafi da wakilin mai gona, shi zai karɓo garin dawa da mai da gishiri da busasshiyar kuɓewa da busasshen kifin nan da ake kira kajik, in da mai karatu a cikinmu shi ne liman, a share wuri gabas da rumfa a jera duwatsu ya zama masallaci. Sai a raba kwanan girki. Wanda girki ya faɗo kansa tun kafin asuba yake tashi, ya hura wuta ya ɗora shayi, mutane su sha su ɗau lauje su fita, shi kuma ya ɗau jarka biyu ya nufi tafki, ruwan ja wur kamar kunun kanwa, ya zo ya jefa alif ya jira ya kwanta sannan ya tace da tsumma, ya tuƙa asida, tuwonmu ke nan sai dai ya fi na gida laushi, ya kaɗa miya, kafin azahar ya ɗora a ka ya bi mutane cikin gona. Ranar nan bai yanka ko dami ɗaya ba amma rabonsa na nan daidai da na kowa. Duk wanda ya ce shi ba zai yi girki ba don a gidansu mata ke yi, toh ba a musu da shi, babba zai ja shi gefe, in ya ƙi ji baɗi ba mai tahowa da shi.

Kuma ba a cin abinci a ɓoye. Ko dabino uku aka aiko maka sai ka fito da su kan tabarma. Wannan ba mu wasa da shi ko kaɗan, don a wuri irin wannan ƙaramin abu ne yake zama gaba, sukari cokali ɗaya, ko wani ya cire wayarka daga sola ya sa tasa, ko mai minshari. Zo mu zauna zo mu saɓa ne dole, sai dai ba a kwana da magana, bayan isha'i ake zama a kashe ta kowa na ji.

Riɗi shi ba ya jira, in ya nuna aka yi sakaci kwansonsa ya fashe ya zube ƙasa shikenan an yi asara, shi ya sa a Oktoba har cikin farin wata ake yanka. Lokacin ne jiki yake gazawa, ga zazzaɓin sauro ga maciji ga kala'azar da ta yi ƙaurin suna a yankin nan, wani ɗan ƙaramin ƙuda ne yake kawo ta, mutum ya yi ta zazzaɓi yana ramewa ciki na kumbura. Na ga an ɗaure gado da igiya mutum huɗu suka saɓa wani yaro a kafaɗa suna canji cikin laka har inda tarakta take iya zuwa, sauran suka yanke layinsa, da aka zo biyan kuɗi aka ƙirga masa nasa cif ba wanda ya ɗaga kai. Ni dai in ka tambaye ni Hausancin da ya rage mana, wannan zan fara nuna maka kafin harshe.

Harshen ma yana nan fa. A kambo Hausa muke yi tsakaninmu, da Larabci a ciki sosai, in ka ji mu za ka gane amma za ka ji kalmomin da ku kun daina. Kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo su a ƙafa, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka kafa Mairuno kusa da Sinnar, wasu aikin audugar Jazira ya riƙe su bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Agashen da duk Sudan ke ci yau namu ne.

Ban ce maka komai daɗi ne ba. Akwai wakilin da zai rubuta maka sabulu da sukari da magani a kan kuɗin da ya ga dama, ranar lissafi ka tarar rabin guminka ya tafi a kanti, wani kuma ya ce sai an sayar da riɗi, ka yi ta zarya. Shi ya sa muke son babba ya zama mai iya rubutu, duk abin da aka karɓo ya rubuta a gaban mutum biyu.

Batun da ka yi na ko mutum zai iya tahowa neman irin wannan aikin, dan Allah kar ka fara yanzu. Tun Afrilun 2023 ƙasar nan take cikin yaƙi, Gadarif ta karɓi 'yan gudun hijira masu yawa, hanyar yamma ta Darfur da kakanninmu suka bi ba ta biyuwa, mu da aka haifa a nan ma sai da takarda a aljihu muke fita. Ku dai sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.